Ranar da laftof ɗi na ta yi gardama

Jama'a, a harkar fim ɗin nan tamu ba a sanin darajar laftof sai ta ƙi tashi. Ciki marubuci ke ajiye labari, ciki edita ke yanka fim, mu kuma 'yan jarida ciki hirarrakin mu su ke. Tawa ta yi mani tsiya saura kwana biyu mu kai mujalla ɗab'i, ga hirar wata jaruma a ciki wadda na shafe wata uku ina bi daga wannan lokeshan zuwa wancan. Kun san halin mutanen namu, wadda ta ba ka minti 20 yau ba za ta sake zama da kai gobe ba.

Na danna, fitila ta kawo, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Wani ɗan'uwa ya leƙo ya ce, "Kai ta a yi mata fomatin kawai." Wallahi na tsani wannan shawara. Fomatin share komai ya ke yi, kuma sau da yawa ciwon ba a nan ya ke ba.

Wani edita, abokin karatu na a foli, shi ya zaunar da ni. Ya ce kowace gardama da alamar ta. In ko fitila ba ta kawo ba, a fara zargin caja ko batir, musamman ga masu aiki da janareto mai wasa da wuta. Sai a zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, a sake gwadawa. In tambarin kamfani ya fito sannan ta tsaya, a duba ko an bar filashi a jiki, don wani lokaci ta nan ta ke neman tashi. In kuma Windows ce ta ke kewaye wuri ɗaya, 10 da 11 su na buɗe shafin gyara da kan su idan tashi ya katse sau biyu ko uku a jere.

Tawa dai ba ta kai ko tambari ba. Ya jona ta da talabijin ta wayar HDMI don ya ga ko allon ne ya mutu. Shiru. Sai ya ce, "Malam, ram ce." Ya kashe ta, ya zare caja da batir, ya kwance murfin ƙasa. Ƙurar hunturu ta Kano kamar an zuba da cokali! Ya zare ram ɗin, ya goge bakin ta a hankali, ya mayar har ta ce ƙas.

Ta tashi. Kafin in gama hamdala ya ƙwace ta, ya kwafe hirar da hotuna a filashi biyu. Ya ce ko da ta ƙi, da sai mu cire hadis ɗin mu sa a 'yar akwatin da ake sayarwa a Titin Beirut, mu kwashe aikin ta wata kwamfutar.

Lada kuwa, ya ce sai na samo masa hoton jarumar da sa hannun ta. Har yanzu ina bin ta.