Da Me Za Mu Ƙirga Ci?



Kowane wasa da ake ci a cikinsa yana da abin ƙirgarsa. Mai dara yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan ya riƙe tsinke wancan ya riƙe tsakuwa, a cikin gurabe talatin. Maƙwabtanmu Tonawa suna da owarensu, rami goma sha biyu da ƙwaya arba'in da takwas. Ita karta ba ta zo da nata ba. Takardu ne kawai, sai 'yan wasa su nemi abin da za su riƙe lissafi da shi. Magana ce ƙarama a ido, amma abin da dattijo ya tara a gabansa bisa tabarma shi ne yake gaya wa yaron da ke leƙe ta ƙofa ko wasa ake yi ko caca.

Mu bakwai ne a majalisarmu, a wani gida da ke Aboabo, ƙaraminmu ya haura hamsin. Daren Lahadi bayan isha'i muke zama, mutum huɗu su buga, uku su jira layi suna shan ataya suna gyara wa masu bugu kuskurensu ba tare da an tambaye su ba. Sipa muke bugawa, kartar da kowa ya sani a ƙasar nan. Ana cire ƙananan lambobi, kowa a ba shi kati biyar, kuma zagaye huɗu na farko share fage ne; wanda ya ci na ƙarshe shi ya ci. In da shida ya rufe yana da uku, in da bakwai yana da biyu, in da wani kati ne yana da ɗaya. Lissafi ne da bai fi ƙarfin yaro ba, sai dai tsofaffi bakwai ba sa yarda da ƙwaƙwalwar juna.

Shekaru da dama da tsinken ashana muke ƙirga. Yana karyewa, yana shiga saƙar tabarma ya ɓace, kuma mai dafa ataya ba ya jin kunyar ɗaukar cin mutum ya hura gawayi da shi. Ana cikin wannan ƙorafi ɗan wani daga cikinmu, wanda ke zaune a Buronks ta birnin Niyok, ya ji labari a waya, ya aiko wa mahaifinsa akwatin gwangwani mai makulli. A ciki akwai kwandaloli ɗari uku irin waɗanda ake buga kartar foka da su a Amurka, an jera su layi-layi: fari ɗaya, ja biyar, kore ashirin da biyar, baƙi ɗari.

Mu faɗi gaskiya, kaya ne masu kyau. Suna da nauyi a hannu, ba sa gangarewa, in ka tara goma suka haɗu sai ka ji wata ƙara mai daɗin ji. Yaron kuma da zuciya ɗaya ya aiko, don ya faranta wa ubansa. Shi ya sa maganar ta yi nauyi, domin mayar da kyautar ɗa ba abu ne da ake yi da garaje ba.

Maigida, dattijon da muke riƙe wa littafi da hatimi, bai cika sa baki a wasanmu ba, yakan zauna gefe da carbinsa. Ranar ya ɗauki baƙar kwandala ɗaya, ya juya ta, ya dubi mai akwatin ya ce, "Alhaji, wannan ɗarin da aka rubuta, ɗari na mene ne?" Babu wanda ya amsa. A sipa ci ba ya wuce 'yan ƙwayoyi, to ina za mu kai ɗari? Lambar tana jiran a gaya mata sunanta ne, kuma suna ɗaya ne ya dace da ita: sidi. Gidajen caca ba don ado suke amfani da waɗannan kwandaloli ba. Mutum yana jin zafin fitar da takardar kuɗi daga aljihu, amma ba ya jin zafin tura 'yar roba tsakiyar tebur. An ƙera su ne don su tsaya a madadin kuɗi har mai su ya manta kuɗi ne.

Ba mu jahilci inda muke tsaye ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zangon nan ya karanta Risala ya san Ibn Abi Zaid bai halatta wasan nardu da shaɗaranji ba, kuma malamanmu da yawa suna sa karta a wannan sahu ko da babu ko fesuwa a ciki. Wasu suna sassautawa in ba ta hana salla ba, ba ta jawo rantsuwa da zagi ba, ba a sa dukiya ba. Muna zaune ne a inuwar wannan sassauci, inuwa ce kuwa siririya. Abin da babu saɓani a kansa shi ne caca, wadda Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida suka ambata tare da giya. Wanda yake zaune dab da iyaka irin wannan shi ya fi kowa bukatar ya kula da inda yake miƙe ƙafa.

Akwai kuma abin da muke gani a littafin Maigida. A da ƙarar da ake kawowa ta gado ce, da aure, da kuɗin haya. Yanzu shafi bayan shafi bashin cacar ƙwallo ne: yaron da ya ci kuɗin da zai kai wa mai Pragya, magidancin da ya taɓa adashin matarsa ta waya. A 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da mai caca ya ci, a 2025 ta soke shi, mu dai ba mu ga layin shagon ya ragu ba a tsakanin. Dattijon da zai zaunar da irin wannan yaro da safe ya yi masa faɗa, da wane ido zai dube shi in yaron ya ga jan kwandala da kore a zaurensa da dare? Ba zai tsaya jin bayanin cewa namu ba na kuɗi ba ne.

Aka rufe akwatin, aka koma neman abin gida. Nan da nan wani ya ce wuri, kuma kowa ya ji daɗin shawarar, don wuri namu ne. Shi ne kuɗin kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja suna sayen goro a Salaga, tun kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, mutanenta su bazu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa, zuriyar wasunsu kuma ga mu nan a Kumasi. Daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ake kwaso shi, ya ratso duniya kafin ya iso hannun mai awo. A nan Kumasi garin zinariya ake aunawa a wancan zamani, wuri kuɗin kasuwannin arewa ne, amma duk da haka da Ghana ta yi sabon kuɗi a 1965 sunan wuri ta ba shi a harshen Akan, shi ne sidin da muke kashewa.

To a nan gizo yake saƙa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce a tsohuwar Hausa. Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Caca kuma, tun kafin karta ta iso ƙasar Hausa, da wuri ake yin ta: a watsa, a ƙirga nawa suka kife nawa suka buɗe. Ga masu duba da 'yan bori, su ma da shi suke aiki. Ladaninmu ya ce in baƙo ya shigo ya tarar da tsofaffi sun kewaye tabarma da wuri a tsakiya, abu biyu zai zata, kuma karta ce mafi sauƙin cikinsu. Ashe abin da muka gudo daga gare shi a akwatin Amurka yana nan kwance a cikin gadonmu, har ya fi tsufa.

Tsofaffin kwandalolin da suka mutu a canjin 2007, lokacin da sidi dubu goma ya koma ɗaya, ba su daɗe a muhawara ba. Kuɗi ne ko a mace, wasunsu ma hoton wurin ne a jikinsu. Murfin kwalba na yara ne, kuma sai an tsaya tantance wace kwalba ya fito. Goro yana da farashi a kasuwa, ga shi ana ci. Wanda ya sha kaye zai iya cinye hujja.

Ƙwallon dabino ya kusa tsallakewa. Yana da ƙarfi, yana da yawa bayan azumi, ba ya da daraja a kasuwa. Sai Malam, wanda ya fi mu karatu, ya tuna mana cewa da shi ake ƙirga salati da istigfari a gidajen da ake taron addu'a in carbi bai wadata ba. Ya ce bai ce haramun ne ba, amma ba ya son hannun da ya saba ɗaukar ƙwallon dabino yana ambaton Allah ya ɗauke shi yana cewa na rufe da shida. Wasunmu sun ga abin ya yi tsauri. Muka bar masa, don shi ma ya bar mana kartar.

Daga ƙarshe daga madafa abin ya fito. Uwargidan gidan, da ta gaji da jin gardamarmu ta taga, ta aiko yarinya da gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiya da ta tace daga kunu, an wanke an shanya. Ƙanana ne, masu sheƙi, masu taurin da ba sa karyewa, kusan girmansu ɗaya. Babu lamba a jikinsu, don haka kowace ƙwaya ɗaya ce tak, ba ta iya zama biyar balle ɗari. Ba wanda zai saya, ba wanda zai karɓa a bakin bashi, in ta ɓace kuma kunun gobe zai kawo wata. Tsamiyar ma daga arewa ake kawo ta, ta hanyar da kakanninmu suka bi.

Muka ɗora ƙa'ida uku a kansu, muka rubuta a bayan littafi. Kowa yana ɗiba ne daga gwangwani in ya ci, ba daga gaban ɗan'uwansa ba, don kada wani ya tashi da abin wani ko da ƙwayar tsamiya ce. In an tashi duk a mayar, ba a kwana da lissafi. Ta ukun ita ta fi jawo surutu: mun soke al'adar nan ta cewa wanda ya zo ƙarshe shi zai sayi sukari da ganyen ataya na mako mai zuwa. Malam ya ce duk wasan da faɗuwa a cikinsa take fitar da kuɗi daga aljihu ya shiga gidan caca, ko ta ƙofar baya ce. Yanzu sayen ataya kewayawa yake yi bisa shekaru, daga babba zuwa ƙarami.

Shi kuwa Alhaji ya buga wa ɗansa waya ya sa masa albarka, ya gaya masa kayan sun iso lafiya kuma abokansa sun yaba da kyawunsu, wanda duk gaskiya ne. Sauran bayanin ya ce sai yaron ya zo gida da babbar salla, don ba maganar waya ba ce.