Fuka ba a ƙashi take ba

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Na ji abin da ƙanin mijinki ya faɗa daga Faransa, wai akwai masu tausa da ake kira ostiyofat, suna daddanna haƙarƙari da gadon baya har fuka ta lafa. Kina tambaya ko ki nema wa yaronki mai irin wannan hannu, ki huta da sayen abin shaƙa.

Sana'a ce mai asali. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya fara ta a 1874, ya buɗe makarantarta a Kirksville a 1892, Faransa kuma ta amince da ita a doka a 2002. Aikinsu bai yi nisa da na maɗoranmu da tsofaffi masu tausa ba. Na kuma san abin da ya sa mai fuka ke jin daɗin hannu. Wanda ya kwana yana kokawa da numfashi, da safe wuyansa da kafaɗunsa da haƙarƙarinsa duk sun yi tsami, tausa kuwa tana sassauta su. Duk shekarun da na yi ina majo, wato ma'aikacin jinya, ban taɓa hana uwa shafa bayan ɗanta ba.

Sai dai ciwon can cikin huhu yake. Ƙananan hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke, majina ta toshe abin da ya rage, yatsa kuma ba ya kaiwa can. A 1998 likitoci a Kanada sun raba yara masu fuka gida biyu, wasu aka yi musu gyaran ƙashin baya na gaske, wasu na wasa. Da aka auna numfashinsu, babu bambanci. Masanan ƙungiyar Cochrane ma da suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2005 ba su sami hujjar da za a dogara da ita ba.

Ƙanin mijinki, Allah ya saka masa, in tausa ta gaza motar asibiti na bakin ƙofarsa. Ke kuwa a Fachi kike, hamadar Tenere gabas da yamma. Bilma ba nan kusa ba, balle Agadas. Ga ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele ta Cadi, ga hayakin murhu, ga turaren wutar da na san ba kya rabuwa da shi. Wannan na ƙarshe kam ki fitar da shi daga ɗakin da yaron ke kwana.

Kafin sanyi ya kama, lokacin da ayarin gishiri ke shigowa, ki tanadi abin shaƙa na salbutamol guda biyu, shuɗin nan da ake ce wa Ventolin, ki ɓoye su daga rana. In yana yawan tashi da dare, ki tambayi majon garinku maganin shaƙa na kullum mai rage kumburi, irin su beclometasone, ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙa. Don maganin ya isa huhunsa sosai, ki huda gindin gorar ruwa ta rabin lita daidai bakin abin shaƙar, ki cusa shi a ciki. A Afirka ta Kudu an gwada ta a 1999, ta yi aiki sosai ga yara. Fesa ɗaya, ya ja numfashi sau biyar ko shida ta bakin gorar.

Ranar da ciwon ya tashi, kada kowa ya kwantar da shi don tausa. Zaunar da shi, ki fesa. In kin ga ya kasa ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun sake launi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana shan wuya, ki ɗauke shi zuwa likita ko da tsakar dare ne, kina fesawa a hanya.