Allo Da Ɗamarar Mai Koyon Hawan Iska A Paje

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani ƙauye da a ke kira Paje, da wasan da ya fid da sunansa duniya, da kayan da ya kamata mai koyonsa ya fara saye.

Paje tana gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ƙasar da ta haɗu da Tanganyika a 1964 suka zama Tanzaniya. Daga birnin Zanzibar tafiyar kamar kilomita 50 ce, hanya kuwa ta bi ta kurmin Jozani mai jajayen birai. Mutanen garin Musulmi ne masu harshen Suwahili. Maza da yawa masunta ne, mata kuwa tun 1989 su ke noman wata ciyawar teku da su ke kira mwani. Can nesa da gaɓa duwatsun murjani sun tare manyan raƙuman ruwa, saboda haka ruwan da ke kusa da tudu kwance ya ke, wuri da yawa bai wuce kugu ba. Iska biyu ke mulkin wurin: Kaskazi daga arewa maso gabas, daga Disamba zuwa wajen Maris, da Kusi daga kudu, daga Yuni zuwa Satumba. Su ne tun zamanin da su ke kawo jiragen fatake daga Oman da Indiya, su kuma mai da su gida. Yau baƙi ne ke bin su don wasa.

Wasan nan Turawa na ce da shi kaitsafin. Mutum ya kan tsaya bisa wani allo a kan ruwa, wata babbar laima mai kamar jinjirin wata tana sama tana jansa da igiyoyi masu tsawon mita 20 da 'yan kai. Waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi rajistar laimar da a ke hura wa iska a 1984, wadda ko ta faɗa ruwa ba ta nutsewa, ga shi a 2024 har wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faransa. Wanda ya san doki ba zai sha wuya wajen ganewa ba. Laima ce dokin, sandar da a ke riƙewa a juya ta ita ce linzami, madaurin ƙafa na allo su ne likkafa.

Abin da na lura da shi a bakin ruwan nan, mai koyo ya kan ga gwani yana tsalle bisa ɗan ƙaramin allo, sai ya ce irinsa zai saya. To, nan asara ta ke farawa. Ƙaramin allo ba ya ɗaukar mutum sai iska ta yi ƙarfi, ko hannu ya ƙware. Na mai koyo shi ne mai kai biyu iri ɗaya, wanda ke tafiya dama da hagun ba sai an juya shi ba. Mai nauyin kilo 70 zuwa 80 ya nemi mai tsawon kamar santimita 138 zuwa 142, faɗi 41 zuwa 43, wanda ya fi haka nauyi ya ƙara. Cikin allon kada ya cika lanƙwasa, gama shimfiɗaɗɗe ya fi saurin hawa bisa ruwa, ya fi kuma sauƙin komowa inda aka taso. Madaurin ƙafa su zama irin waɗanda ƙafa ke zarewa nan da nan, ba takalman da a ke ɗaurewa tam ba. Kada kuma a ɗaure allo a jiki da igiya don tsoron ɓata, gama in mutum ya faɗi, igiyar ta kan fizgo allon ya sare shi a ka.

Sa'an nan ɗamara, wadda a ganina ta fi allo zama abin lura, don ita ke ɗaukar ƙarfin laima duka, hannu tuƙi kawai ya ke yi. Iri biyu ce. Akwai ta kugu, mai kama da faffaɗan majayi, ita gwanaye suka fi so don tana barin jiki ya sake. Akwai kuma mai wando, wadda ke da madauri ta ƙarƙashin cinyoyi. Mai koyo laimarsa ta kan daɗe tsaye bisa kansa tana jansa sama, sai ka ga ta kugu ta zame ta hau haƙarƙari har numfashi ya yi wuya. Mai wando ba ta hawa, ƙugiyarta kuma tana ƙasa, mutum ya zauna cikinta kamar bisa sirdi. Ita na ke ba mai farawa shawara ya ɗauka. Kowace dai aka zaɓa, kada a saya da ido. A sa ta, a ɗaure, a maƙala ƙugiyar a igiya a kantin, a jingina baya da nauyi duka, in ta matsa wani wuri ko ta zame a bar ta. A duba tana da mariƙi a baya inda malami zai riƙe ɗalibi, da aljihun 'yar wuƙar yanke igiya.

Amma fa kafin wannan duka, kada a fid da ko kwabo sai an yi karatu. Makarantun wasan da ke Paje su kan ba da aron kaya tare da darasi. A kwanakin fari ma ba a taɓa allo, sai sarrafa laima, da koyon sakin makullin gaggawa da ke raba mutum da ƙarfinta, har hannu ya riƙa zuwa wurin ba da tunani ba. Wanda ya gwada allo biyu ko uku na aro shi zai san nasa. Tsohon allo mai lafiya ya isa, kuɗin da ya ragu a sayi kwalkwali, da rigar hana nutsewa, da takalmin ruwa saboda waɗansu halittu masu ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasa. Ran da iska ta ke busowa daga tudu zuwa teku kada mai koyo ya shiga, gama ba mai komo da shi. Ya kuma nisanci turakun gonakin mwani, don su ne abincin matan garin, baƙo kuwa bai kamata ya ɓata gonar mai masaukinsa ba.

Na rubuta wannan ne domin samarinmu da ke fita karatu da aiki ƙasashen bakin teku, waɗanda galibi a tudu suka girma, ba su saba da ruwa ba. Wanda bai iya iyo ba ya fara da shi tukuna. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye mu, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi