Hawan Magajin Garin Landan

A tsakiyar Landan akwai wani tsohon birni, ɗan ƙarami, inda manyan bankuna da gidajen ciniki su ke. Birnin nan yana da shugabansa dabam, wanda a ke kira Magajin Gari. Kowace shekara a kan naɗa sabo, shi kuwa ya kan yi hawa ran Asabar ta biyu ga watan Nuwamba.

Asalin abin tun shekarar 1215 ne. Sarkin Ingila na lokacin, Sarki Jon, ya yardar wa mutanen birnin su riƙa zaɓen shugabansu da kansu, amma da sharaɗi guda: wanda aka zaɓa lalle ya taso takanas ya yi rantsuwar biyayya ga sarauta. Watau dai caffa ce. Dā ta kogin Tems a ke tafiya cikin jirage, amma rabon da a bi ruwa tun 1856. Yanzu daga gidan Magaji a kan biya ta babbar majami'ar Sen Pol, sa'an nan a zarce Babbar Kotu, inda zai yi rantsuwa gaban alƙalai.

A zamanin da a ke aika ma'aikatan En'e Ingila koyon aikin mulki, wani malami daga ƙasar Kano ya tarad da wannan hawa. Watansa uku a can, sanyi ya fara shiga ƙashi. Da ya ji an ce gobe akwai hawa, sai ransa ya yi fari, ya yi sammako, ya sami wurin tsayawa a bakin titi cikin 'yan kallo.

Soja suka fara wucewa da badujala. Bayansu ƙungiyoyin masu sana'a, su maƙeran zinariya, da mahauta, da teloli, da masu sayar da kifi, kowace da tutarta. Waɗannan ba 'yan rakiya ba ne kurum, su ne ke tsai da mutum biyu, dattawan birni su ɗauki ɗaya. Malamin ya tuna da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera na gida, ya yi murmushi. Aka wuce da waɗansu dodanni biyu da aka saƙa da tsumagu, wai su Gog da Magog, masu tsaron birni.

Can sai ga Magaji cikin keken doki mai ruwan zinariya, wanda aka ƙera tun 1757, dawaki shida suna ja, masu māsu cikin jajayen tufafi suna gadinsa. Ya leƙo ta taga yana kaɗa hularsa, jama'a na tafi. Ba mai durƙusawa, ba maroƙi, ba kirari. Malamin ya ɗaga hannu zai yi jinjina, ya duba ya ga shi kaɗai ne, ya mai da hannunsa aljihu.

Wani dattijo da ke kusa da shi ya ce, "Baɗi war haka wani ne a cikin keken nan. Wannan zai koma ga aikinsa." Abin ya ba malamin mamaki ƙwarai, don bai taɓa jin an sauka daga sarauta lami lafiya ba, ba mutuwa ba tuɓewa, har mai sauka ya tsaya yana taya magajinsa murna. Lalle wannan abin dubawa ne.

Amma ba shi ne ya fi tsaya masa a rai ba. A hawan salla na gida, tun daga nesa ya kan shaida hakimi da kiɗansa, ya san wa ya ari doki, wa ya ci bashi ya ɗinka riga, wa ke fushi da wa. Nan kuwa mutane dubbai sun wuce ta gabansa, bai san ko ɗaya ba, ba wanda ya waiwayo ya ce masa, "Malam, barka da salla."

Da dare ya zauna rubuta wa wansa takarda. Labarin keken zinariya layi uku ya ci. Sauran takardar duk tambaya ce: ko lafiyar ƙafar dokin baba ta samu, wa zai hau shi in salla ta zo, a kuma gaya masa ko yaransa sun sami ɗinki.