Da Ido Ake Awon Jini

Waɗanda suka tashi a Shabu, ko a ƙauyukan da ke kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga, sun san yadda gida kan yi tsit idan naƙuda ta kama mace: a kori yara waje, a aika kiran ungozoma, maza su koma ƙofar gida suna sauraro, babu mai cewa uffan sai an ji kukan jariri an rangaɗa guɗa. Daga nan hankali ya koma kan jaririn, a yanke cibi, a binne mabiyiya, a ɗora tukunyar wankan jego, a dama kunun kanwa. Uwar kuwa tana zaune jini na zuba, kuma ana ganin hakan alheri ne, wai dattin ciki ke fita. Da zannuwan da suka jiƙe ake lissafi. Idan ta ce tana ganin jiri, a ce gajiya ce; idan jikinta ya yi sanyi, a fara neman mota. Da yawa a hanya suka cika, aka ce kwana ya ƙare.

Ku 'yan baya, kada ku ɗauka ungozomar ƙauye ce kaɗai ke awo da ido. A asibiti ma haka aka daɗe ana yi.

Wani gwaji ne ya zo da sabuwar hanya. Kalmar gwajin magani kuwa ba ta da farin jini a Arewa, kuma da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Zafin abin na cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

A wannan karon kuwa, ga 'yar gida a gaban aikin. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya, a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan haihuwa sama da 200,000. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba, abin da ya fi burge ni ke nan. Leda ce mai aljihu da layukan awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki kowa na gani. Da ya kai layin, ba a jiran a gwada wannan a ga ko zai yi sannan a koma wancan: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin da ta tiranezamik, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda. Da sakamako ya fito a Mayun 2023, inda aka bi tsohon tsari rabin masu zubar jini kawai ake ganowa, inda aka sa ledar kuwa sama da tara cikin goma. Zubar jini mai tsanani da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Da kakanninmu sun ji haka, da sun riƙe baki, leda kawai?

Sai dai a manyan asibitoci aka yi gwajin, mata masu yawa a Arewa kuwa har gobe a ɗaka suke haihuwa. Oksitosin tana son firji, zafi na kashe mata ƙarfi, kuma ƙaramin asibitin ƙauye kan kwana ya wuni babu wuta.