Masaukin Ango da Amarya a Gonakin Inabi

A ƙasar Faransa, gabas da birnin Bordo, akwai wani tsohon gari, Santemiliyo, wanda gonakin inabi suka kewaye. Giyar inabin nan ita ta sa ya yi suna. Ango yakan tara guzuri ya kai amaryarsa can su keɓe, amma zaɓen masauki shi ne aiki. In ya kama ɗaki cikin gari, ga hayaniyar baƙi. In ya sauka tsakiyar gona, ya sami shiru, sai dai ko burodi sai da mota. Abin da ya fi wannan shi ne watan zuwa, gama a Satumba ake tsinkar inabi. Tun asuba injuna ke ruri a gindin taga, mai gona ba shi da sukunin baƙo, amarya kuwa ta yi sallama da barcin safe.