Gadon da ba a rabawa gaban alƙali

Idan Bahaushe ya ce gado, gona yake nufi, ko gida, ko garke. Amma akwai gadon da ɗiya take ɗauka tun tana cikin uwarta, ba ta kuma sanin ta ɗauke shi sai shekaru sun ja. A cikinsa har da abin da kan sa jinin al'ada ya ɗauke wa mace tun ba ta kai shekara 40 ba, alhali yawancin mata sai wajen 50 yake tsaya musu.

Da ƙwanta ake haihuwar ɗiya mace, kimanin miliyan ɗaya zuwa biyu, ba a kuma ƙara mata ko guda daga baya. Tamkar rumbu ne da aka cika sau ɗaya, kullum sai ɗiba. Ga wasu mata rumbun ƙarami ne tun asali, ga wasu kuwa da wuri yake ƙarewa. Aƙalla mace ɗaya cikin 100 takan gamu da haka.

A Nijar, inda binciken 2012 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa 7,6 a tsakaice, irin wannan mace tana cikin ƙunci. A kira ta juya, a zargi kishiya da sammu, a ƙarar da kuɗi wurin boka. In duk an gaji, sai a ɗora laifin kan dangin uwarta, a ce gidansu ba gidan haihuwa ba ne.

Ilimin likita ya nuna zancen ya wuce nan. Kowane mutum yana ɗauke da zaren gado 46 cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mace tana da biyu da ake kira X, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Idan ɗayan ya ɓace ko ya gutsure, shi ne ciwon da likita Henry Turner na Amurka ya bayyana a 1938, mai samun kusan ɗiya ɗaya cikin 2500. Yarinyar kan zama gajera, sau da yawa kuma ƙwanta kan ƙare kafin ta balaga.

A kan zaren X ɗin dai akwai ƙwayar gado mai suna FMR1, wadda aka gano a 1991. Wani guntun rubutu na cikinta yana maimaita kansa. Idan maimaicin ya kai tsakanin 55 da 200, kusan mace ɗaya cikin biyar masu ɗauke da shi kan rasa al'ada da wuri. To, namiji X guda gare shi, kuma shi yake ba kowace ɗiya tasa. Ke nan uban da ya cika gida da ƴaƴa yana iya zama shi ne ya miƙa wa ƴaƴansa mata wannan gado, bai sani ba, bai kuma yi laifi ba.

Akwai kuma ƙwayoyin da ba su yin illa sai an gaje su daga ɓangare biyu. Auren zumunci, idan ya yi ta zagayawa cikin gida ɗaya, yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Ba kuma kowane tsayawar jini ne gado ba: maganin ciwon daji da tiyata su ma suna jawo shi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Macen da jininta ya ɗauke wata huɗu ba ciki, ta je asibiti a auna jininta. Likita yana da maganin da ke maye gurbin sinadarin da jikinta ya daina yi, don kare ƙashi da zuciya har ta kai wajen 50. Wasu ma, biyar zuwa goma cikin 100, sukan sami ciki daga baya.

Saura aikin dangi. Gwaggo ko inna da abin ya same ta tana riƙe da labarin da zai amfani ƙannenta da ɗiyan ƴan uwanta, amma kunya ta rufe mata baki. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna iya sauƙaƙa wannan magana, har ta zama abin faɗi a tsakar gida kamar ciwon suga. Wadda ta gaji abin da ba ta zaɓa ba, kulawa take bukata daga miji da dangi, ba gori ba.